Wake a Ɗakin Mai Jego

Ni da wake mun san juna. Shekara da shekaru ina suyar ƙosai a bakin titin Tudun Ƙofa, har ta kai in na damƙi wake a hannu zan gaya maka ko na bana ne ko na bara. Amma ranar da wake ya zo mana da masifa, a kansa na zauna ina jijjiga jaririya.

Sunana A'i, wasu kuma Maman Abu suke ce min. Sumayya ƙanwata ce uwa ɗaya uba ɗaya, amma in gaskiya za a bi 'yata ce, don tana rarrafe Inna ta rasu, ni na goya ta har ta yi wayo, ni na aurar da ita. Mijinta Musaddiq direban motar haya ne, Keffi zuwa Nyanya, kuma yana taɓa noma a garinsu Panda. Yaron kirki ne, sai dai irin mutanen nan ne da in ka ce musu gishiri kaɗan, sai su juye gwangwani don su nuna maka himma.

Da Sumayya ta haihu, haihuwar fari, mace, kamata ya yi ta zo gida wanka. To gidan ina? Ɗaki ɗaya gare ni, ni da 'ya'ya biyar da kaskon suya. Sai Musaddiq ya ɗauko gwaggonsa Hajo daga Panda ta zo ta zauna da su a unguwar Yara, nan cikin Keffi. Ban ƙi ba. Gwaggo Hajo ba muguwa ba ce, rabin matan Panda ita ta yi musu wankan jego. Aibinta ɗaya, tana tsoron sanyi fiye da yadda take tsoron maciji. A wurinta duk ciwon da ya kama mace tun daga haihuwa har tsufa, sanyin jego ne ya shige ta. Ga shi kuma damina ta yi tsaka, ruwa ba ya ɗaukewa. Don haka ta bi tagar ɗakin ta cusa tsumma a kowace kafa, ta rataya bargo a kan labulen ƙofa, ta shimfiɗa tsohon zani a ƙasan ƙofar. Ko sauro ne ya zo sai ya yi sallama.

Ranar jajiberin suna na tashi daga suya da wuri, na ɗauki ɗan abin da na tanada na nufi Yara. A tsakar gida na tarar da ragon suna ɗaure a gindin gwanda, Gwaggo kuma tana fama da ɗanyen itace a ƙarƙashin tukunyar wanka.

"Sannu da aiki, Gwaggo. Ya mai jego?"

"Da sauƙi za a ce. Sanyi ne ya ɗan buge ta, na san maganinsa."

Ina ɗaga bargon nan wani ɗumi ya dake ni, da wani wari kamar an haɗa tafarnuwa da kifin da ya kwana. Ban kawo komai a raina ba. Ɗakin mai jego ne, ga yajin Gwaggo mai tafarnuwa da daddawa a buɗe a kan kujera.

Sumayya tana kwance ta naɗe, fuskarta ta yi fari fat. Yarinyar da shekaranjiya take tsokanata wai na zama kaka ba shiri.

"Yaya," ta ce, da ƙyar nake jin ta, "tun asuba nake amai. Kaina zai tsage. Ƙirjina kamar an ɗora min dutsen niƙa."

"Ita kuma jaririyar fa?"

"Tun jiya da yamma ta ƙi kama nono."

Na ɗauki jaririyar. Ran da aka haife ta unguwa guda ta ji kukanta, yau kuwa bakin kawai take buɗewa, sai wani ɗan sauti kamar na 'yar mage. Cikinta yana sama yana ƙasa da sauri. Na leƙa waje.

"Gwaggo, anya ba asibiti za mu ba?"

Ta miƙe tana share hawayen hayaƙi da gefen zani. "Asibiti a wannan ruwan? Da ɗanyen jego? A'i, kin haifi biyar amma har yau yarinya ce ke. Iska ce ta samu kafa ta shiga. Ni ma da nake kwana a falo tun jiya kaina ke sarawa, na fasa aiki? Bari in kawo mata sirace ki ga ikon Allah."

Ina da baki, duk Tudun Ƙofa sun shaida. Amma gidan surukai ne, kuma ƙanwata ce za ta zauna da su bayan na tafi. Na saki bargon na koma wurin Sumayya.

Gwaggo ta shigo da baho cike da tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya, ta dire a gaban gado, ta ja bargon ƙofa ta ƙara toshewa. Tururi ya cika ɗakin har bango yana gumi. Warin nan ya ƙaru. Sumayya ta fara tari, tarin ya zarce amai, ba abin da ke fita sai ruwa.

"Yauwa, sanyin ne yake fita," in ji Gwaggo.

Ina zaune a bakin gado da jaririya a cinya sai na ji kaina ya fara sarawa, zuciyata tana tashi. Na ajiye ta na fita bakin rijiya, na sha iska, na ji dama-dama. Na koma, ba a jima ba abin ya dawo. Na ce ko yunwa ce, don ban karya ba. Da na rasa abin yi da hannuna sai na ɗauki tsintsiya. A bayan ƙofa na ga tsaka ta mutu ta yi rigingine. Gaba kaɗan wata. Kyankyasai kuwa birjik, duk ƙafafu a sama, har tururuwar da ta zo jan su ta mutu a kan layinta. Na zura tsintsiya ƙarƙashin gado, ta tokari wani abu. Na ɗaga zanin gadon, sai ga buhuna an jera su a kwance tun daga kai har ƙafa.

"Gwaggo, wannan fa?"

"Waken Musaddiq ne na bara. Ɗakin ajiya yana yoyo, shekaranjiya ya shigo da su muna wurin wanka. Nan ne kaɗai ruwa ba ya taɓawa."

Ina nan durƙushe da tsintsiya sai na ji sallama. Modupe ce, wadda kowa ke kira Iya Jide, Bayarabiya mai shagon kayan masarufi a ƙofar gidan. Ta fi shekara ashirin a Keffi amma har yau Hausarta ba ta raba mace da namiji. Ta zo barka da sabulu da zanin goyo a leda. Ta ɗaga bargo, ta sako ƙafa ɗaya, ta tsaya cak. Na ga hancinta yana motsi. Ta dubi kyankyasan da na tara, ta dubi buhunan, ledar ta faɗi daga hannunta.

"Maman Abu! Wannan buhu, akwai magani a ciki?"

"Wane magani?"

"Bom! Ƙwaya na ƙwarin wake! Shekaranjiya Musaddiq ya zo shago, ya ce wake ya yi ƙwari, ko ina sayar da bom. Na ce ni ba na ajiye wannan abu. Ya ce zai saya a tasha. Wayyo Allah, wannan wari shi ne! Ka fito da yaro! Ka fito yanzu-yanzu!"

Na san bom, kowane mai harkar hatsi ya san sunansa. Wata 'yar ƙwaya ce toka-toka da 'yan kasuwa ke jefawa a ɗakin ajiyar hatsi su rufe su gudu, iskar da take fitarwa ta kashe duk abin da ke numfashi a ciki. Ban taɓa ganin ta a gidan mutane ba, balle a ce na san warinta. Na suri jaririya na yi ƙofa.

Gwaggo ta tare ƙofar da hannu biyu.

"Ina za ki da ita? Ba ki ganin ruwan da ake yi? Jaririyar da ko suna ba ta yi ba!"

"Gwaggo, ki ba ni hanya."

"Maganin ƙwari ne aka ce, ba na mutum ba. Kuma a cikin buhu yake, a ɗaure. Abin da babba ya hango..."

"Gwaggo, wallahi ko ki matsa ko in bi ta kanki!"

Ba ta matsa ba, ni kuma ban tsaya ba. Na banke tsohuwar da ta isa ta haife ni, ta zube a kan tabarmar falo, na tsallake ta. Iya Jide ta cire ɗankwalinta ta shimfiɗa a kan kifaffen turmi a ƙarƙashin rumfa, na kwantar da yarinyar. Muka ja numfashi muka riƙe, muka koma ciki da gudu. Sumayya ba ta iya tsayuwa. Ni na kama hammata, Iya Jide ta kama ƙafafu, muka fito da ita kamar buhun gero. Iya Jide ta fizge bargon ƙofa ta yar, ta zaga ta waje ta bugi tagar da taɓarya har ta buɗe.

A ƙarƙashin rumfa, cikin hasken waje, na ga abin da duhun ɗaki ya ɓoye min. Leɓɓan jaririyar sun yi shuɗi.

Gwaggo ma ta gani. Ta taho tana ɗingishi, ta leƙa. Ta ruga madafi ta dawo da kwalbar manja da cokali.

"A ɗura musu manja, yana kashe guba."

"Kada ka ba shi!" in ji Iya Jide. "Ba ci suka yi ba, shaƙa suka yi. Ka ɗura ma yaro mai, zai sarƙe."

"To bari in watsa ruwa a ɗakin in wanke."

"Mama, ruwa ne yake tayar da shi! Kada kowa ya shiga, kada kowa ya taɓa buhu!"

Gwaggo ta juya ta dubi ƙofar ɗakin, inda bahonta yake ta tururi a gaban gado. Ta cire mayafinta ta naɗe jaririyar da shi, ta miƙo min, ta fita titi kai ba ɗankwali tana ihun kiran mai keke mai ƙafa uku.

Wanda bai taɓa ɗaukar mara lafiya cikin ruwan sama ba bai san Keffi tana da girma ba. Kwalbati ta cika ta tumbatsa a kan titi, 'yan acaba duk sun fake a ƙarƙashin rumfunan shaguna, mai keken namu yana tafiya yana kaucewa ramukan da ba ya gani. Sumayya ta jingina da Iya Jide idonta a rufe. Gwaggo ta maƙale a gaba kusa da direba, ruwa yana dukan ta. Ni kuma na sa kunnena a bakin yarinyar ina bin numfashinta. Ya zo da sauri, ya tsaya, sai na jijjiga ta ya dawo.

Na so in kira ta, na rasa da me. Tun ran da aka haife ta ubanta ya yi mata huɗuba a kunne, ya riƙe sunan a cikinsa sai ranar suna, ko Sumayya bai gaya wa ba. "Ke 'yar nan," nake ta cewa, "ke 'yar nan, ki tsaya." Wa zai amsa wannan kira?

Na laluba waya na kira Musaddiq. Sai a bugu na uku ya ɗauka, ina jin hon ɗin motoci a bayansa.

"Yaya, ina wuni? Ina Mararaba, cunkoso ya riƙe mu."

"Musaddiq, ka sa bom a waken da ke ƙarƙashin gado?"

"Eh, Yaya. Na buɗe zan ɗebi na abincin suna na tarar ƙwari sun fara huda shi. Amma kada ki damu, a tsumma na ƙulle kowace ƙwaya, ba ta taɓa waken ba. Na ɗaure bakin buhunan tam. Mai sayarwar ma ya ce in na ƙara yawa ya fi saurin ci."

"Buhun da ruwa yake bi ya wuce, shi ne zai riƙe iska? Matarka da 'yarka sun kwana biyu suna shaƙa! Muna hanyar asibiti!"

Sai na ji ya ce, "Yaya, me kika ce?"

"Gaya min sunanta!"

"Sunan... Yaya, ai gobe ne..."

"Musaddiq, ka gaya min sunan yarinyar nan in kira ta!"

Na ji ƙarar ƙofar mota, na ji fasinjoji suna yi masa ihu, layin ya yanke. Na sake kira ya ƙi shiga.

A asibiti ba su ɓata lokaci ba, Allah ya saka musu. Wata nas ta karɓe yarinyar daga hannuna ta yi ciki da gudu, aka tura Sumayya a kan gado mai taya ta wata ƙofar. Na tsaya a tsakiya hannuna ba komai, ban san wadda zan bi ba. Iya Jide ce ta yi wa likita bayani. Da likitar ta sake fitowa na kama hannun rigarta.

"Likita, ku yi musu allurar da ke karya shi. Ko nawa ne."

"Mama, wannan gubar ba ta da makari," ta ce. "Mun sa musu oksijin, muna taimakon zuciya da numfashi, sauran sai jiki ya yi da kansa. Uwar tana da ƙarfi. Jaririyar ce huhunta bai fi tafin hannunki ba." Ta dubi Gwaggo da ke ɗigar ruwa. "Ba a ajiye shi inda mutum yake kwana, ko da bango a tsakani. Ɗaki a rufe, ga laima, shi ya sa abin ya yi yawa. Duk ku ukun da kuka shiga ku zauna a duba ku."

Gwaggo ta sulale ta zauna a ƙasa a jikin bango. Tana ta murza yatsunta tana cewa, "Ni na toshe tagar. Ni na kai ruwan zafin." Na so in ce mata eh, ke ce. Sai na ga goshinta ya kumbura inda na buga ta da ƙasa, na kau da kai.

Suka bar ni na tsaya a bakin tagar ɗakin jarirai. Tana cikin wani ɗan akwatin gilashi, an rufe rabin fuskarta da roba, an ɗaura mata wayoyi a ƙirji. Na yi duk addu'ar da na iya, da ta ƙare na koma farko. Na ce ya Allah, shekaruna sun isa, na ci na sha na haifa, ka ɗauki sauran ka ba ta. Tsoro nake ji irin wanda ban taɓa ji ba, ko ran da Inna ta rasu.

La'asar ta wuce kafin Musaddiq ya iso. Ya bar motar da fasinjojin a tsakiyar titi, ya hau acaba, ya sauka ya hau wata, ya ƙarasa da gudu, takalmi ƙafa ɗaya. Tun a keke nake tara masa zagi, na jera su tsaf. Da na gan shi ko ɗaya bai fito ba. Ya manna goshinsa da gilashin tagar yana kallon ta.

A gabanmu abin ya faru. Injin ya canza kuka, nas biyu suka rufu a kanta, likita ta shigo da sauri, aka ja labule. Ba mu ƙara ganin komai ba sai ƙafafunsu. Da aka buɗe labulen an riga an cire robar daga fuskarta.

Suka bar shi ya shiga. Ina tsaye a bayansa ya ɗauke ta, ya kai bakinsa kunnenta.

"A'isha," ya ce.

"Na'am," na ce, don tun rasuwar Inna ba wanda ya ƙara kira na da cikakken sunana.

Bai juyo ba. "A'isha," ya sake cewa, yana jijjiga ta a hankali, "A'isha, tashi mana."

Sai a lokacin na gane ba da ni yake ba.

Gwaggo ce ta yi mata wanka, da hannayen nan da suka wanke rabin jariran Panda. Kafin magariba maza suka kai ta, Musaddiq yana rungume da ita a cikin 'yar tabarma. Likita ta ja ni gefe ta ce zuciyar Sumayya ba ta daidaita ba tukuna, kada a gaya mata komai sai sun ba da izini. Na ce to. Ban tambaye ta yadda ake yin hakan ba.

Washegari da hantsi, ranar suna, Sumayya ta buɗe ido sosai. Ruwa ya ɗauke, rana ta shigo ta taga har kan gadonta. Ta daɗe tana kallon silin kafin ta juyo.

"Yaya, yau wace rana?"

"Laraba."

"Kai! An raɗa suna ke nan ina nan kwance." Ta yi ƙoƙarin tashi na mayar da ita. "Tana ina?"

"Tana... an kula da ita. Ke dai ki huta."

"Wane suna ya sa mata? Mutumin nan ya ƙi gaya min, wai sai na ji a bakin liman."

Na dubi robar ƙarin ruwan da ke hannunta. "A'isha," na ce.

Ta yi murmushi, leɓɓanta duk sun bushe. "Na sani. Wallahi na san abin da zai yi ke nan. To Yaya, kin samu takwara, sai ki fara tara kuɗin 'yan kunne." Ta dubi gaban rigarta, ya jiƙe sharkaf. "Kin ga nonon ma ya kawo, har ciwo yake min. Je ki karɓo min ita in gwada, yau kam za ta kama."

Na ce to. Na gyara mata zani, na sa takalmina, na fita. A baranda Musaddiq da Gwaggo suna zaune a kan benci, suka ɗago suna kallo na. Na wuce su na tsaya a ƙarshen barandar inda ba za ta hango ni ba. Daga can ina jin muryarta tana tambayar nas ko ɗakin jariran yana da nisa.